Nauyin Riga Ba Shi Ne Ɗuminta Ba

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin mutanen Kaduna. Da zarar Nuwamba ta raba tsakiya, hazo ya fara sauka, sai ka ji ta ko'ina: wai maganin hunturu shi ne jibgegiyar jaket irin wadda aka ɗinka wa mutanen ƙasashen ƙanƙara, kuma iya nauyinta iya ɗuminta. In aka yi dace an rubuta a wuyanta cewa ruwa ba ya ratsa ta, to kakar mai saye ta yanke saƙa, don a ganinsa ya sayi rigar hunturu da ta damina da kuɗi ɗaya. A kasuwar Sabon Tasha, ranar da aka fasa sabuwar dila, irin waɗannan rigunan ake fara wawa a kai. Mai gwanjo zai ɗaga ɗaya da hannu biyu, ya girgiza ta, ya ce, "Oga, riƙe ka ji nauyi. Wannan ta Kanada ce, kai da sanyi sai dai labari." Mai saye ya karɓa, ya auna a hannu, ya gyaɗa kai, a shiga ciniki.

Ina da ja a kan wannan magana, amma kafin in kawo dalilaina bari in ba masu ita haƙƙinsu. Sanyin da suke gudu na gaske ne. Uwar da ke shirya yara su fita makaranta bakwai saura, da ɗan acaɓan da ke tayar da mashin da asubar fari daga Unguwar Boro ya nufi garejin Television, da mai gadin da ke kwana a bakin get, da masu fita sallar asuba, da masu kwana a coci daren 31 ga Disamba, dukansu jiki ne ya gaya musu, jiki kuwa magayi. Ga shi gidajenmu don zafi aka gina su: kwano a sama, wani ɗakin ko silin babu, taga mai jerin gilasai da iska ke kutsowa ta tsakaninsu, siminti a ƙasa, ruwan wanka ya kwana a bokiti a tsakar gida. Baturen da ke fama da ƙanƙara yana komawa ɗaki mai na'urar ɗumama wuri, mu kuwa sanyin waje shi ne na ɗaka. Duk wanda ya ce mutanen Kaduna raki suke yi bai taɓa kwana a Sabo cikin Janairu ba. Inda na rabu da 'yan'uwana shi ne wajen magani.

Mu fara da sanin abokin karawar. Hunturu iska ce da ke kaɗowa daga arewa maso gabas, daga Sahara, tun ƙarshen Nuwamba har cikin Maris. Kaso mai yawa na ƙurar da take kwaso mana daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe ya bar farin gari. A Kaduna, wadda ke kan tudu mai kimanin mita 600 daga doron teku, ma'aunin zafi a Disamba da Janairu kan sauka zuwa tsakanin digiri 13 da 16 gab da fitowar rana, wasu ranakun ya ɗan yi ƙasa da haka. Amma kafin a kira azahar ya hau zuwa wajen 30. Wato a yini guda mutum yana ratsa yanayi biyu masu tazarar kimanin digiri 15. Laimar da ke cikin iska kuwa takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, shi ya sa leɓe ke tsagewa, faso ke buɗe baki, wanki ke bushewa kafin a gama shanya. Sanyinmu ke nan: na 'yan sa'o'i ne, busasshe, mai iska da ƙura, kuma kullum rana tana korarsa.

To ita rigar da ake wawa a kanta, wa aka ɗinka wa? A birnin Winnipeg na Kanada, matsakaicin sanyin dare a Janairu yana wajen digiri 21 ƙasa da sifiri, da tsakar rana ma bai cika haurowa sifiri ba. Kamfanin Canada Goose, wanda ake ganin tambarinsa, na gaske da na jabu, a kafaɗun mutane a titunanmu, yana da rigar da ya yi domin masu bincike a tashar McMurdo ta Antatika, ya kuma ce ta digiri 30 ƙasa da sifiri ce zuwa abin da ya yi ƙasa. Tsakanin wancan da safiyar Sabo mafi tsanani akwai tazarar digiri 40 da ɗoriya. Ko a Landan, da ba ta kama ƙafar Kanada ba wajen sanyi, abin da muke kira jaura a nan kusan shi ne yanayin ranarsu a watan Afrilu, lokacin da suke fara ajiye manyan riguna. Rigar da aka yi wa mutumin da zai wuni ya kwana cikin sanyin da ba ya sassautawa, ita muke ɗora wa wanda sanyinsa zai ƙare ƙarfe tara na safe.

Sai batun nauyi, wanda shi ne ginshiƙin maganar. Riga ba ta haifar da zafi. Jiki ne ke samar da shi, yana riƙe da digiri 37, aikin riga kawai ta hana zafin nan gudu. Kamar filas ɗin shayi ne: ba shi ke tafasa ruwa ba, tsare zafin da aka zuba masa yake yi. Abin da ke yin tsaron kuwa iska ce da ta maƙale tsakanin zaruruwa ba ta motsi. Shi ya sa rigunan sanyi mafi inganci da tsada za ka ji su sakayau a hannu, don cikinsu lallausan gashin ƙirjin agwagwa ne, wanda ke kumbura ya tara iska mai yawa. Tun 1940 wani Ba'amurke mai suna Eddie Bauer ya yi rajistar irin wannan ɗinki, inda ake raba gashin gida-gida don kada ya zube ya taru a ƙasa, kuma abin da ya sa rigar ta karɓu shi ne ta fi rigunan ulu na lokacin ɗumi alhali ba ta kai su nauyi ba.

Nauyin da ake aunawa a hannu a kasuwa fa, daga ina yake? Sau da yawa daga kaurin yadin waje ne, da manyan zif, da maɓallan ƙarfe, da audugar roba da ta tsufa ta dunƙule. Rigar da ta yi shekaru a jikin wani, aka wanke ta ba adadi, sannan inji ya matse ta cikin dila ta yi watanni tsakanin jirgin ruwa da sito, nauyinta yana nan amma kumburin ya tafi. Mai son ganewa ya damƙe hannun rigar a tafinsa ya matse, sannan ya saki. In ta taso nan take ta koma yadda take, da sauran rai a cikinta. In ta zauna a motse, ta gama aiki. Ya kuma laluba bayanta da yatsu: inda ya ji gudaji a wuri guda, gefensa kuma fayau, yadi na taɓa yadi, to ta nan sanyi zai bi. Wannan gwajin ba ya cin minti guda, kuma ya fi auna nauyi faɗin gaskiya.

Mu ɗauka ma an dace da mai rai. Ka tsaya a mahaɗar Command a kan titin Kachia wajen sha ɗaya na safe, ka dubi 'yan acaɓa. Ga wani nan cikin baƙar jaket mai gashi a bakin hula, zif a buɗe har cibiya, gumi na bin wuyansa, singiletin da ke ciki ta jiƙe sharkaf. Ba zai cire ba, don ba shi da inda zai ajiye ta, ba ta naɗuwa ta shiga ko'ina. A ƙarƙashinta kuma singiletin nan ce kaɗai, tunda da asuba ita ya dogara da ita. Da ya ɗauki fasinja ya hau titi, sai iska ta shiga ta buɗaɗɗen zif ta bugi jiƙaƙƙen ƙirji. Ruwa yana kwashe zafin jiki kimanin ninki 25 fiye da yadda iska ke yi, ga shi a busasshiyar iskar hunturu gumi yana bushewa da sauri, yana tafiya da zafin. An gudu ba a tsira ba ke nan. Masu hawan duwatsun ƙanƙara sun daɗe da sanin haka. Gumi na cikin manyan abubuwan da suke tsoro, shi ya sa suke sa riguna hawa-hawa, su rage in jiki ya ɗauki zafi, su ƙara in sun tsaya. Rigar da ba ta raguwa, ko dai ka dafu ko ka tuɓe gaba ɗaya, ba ta dace da garin da yanayinsa ke juyawa kafin hantsi ba.

Batun hana ruwa shiga ma yana buƙatar a duba shi da kyau. Gaskiya ne akwai yadin da ruwa ba ya ratsawa. Tun 1823 Charles Macintosh a Glasgow ya manna roba tsakanin yadi biyu ya yi rigar ruwa, kuma tun daga lokacin matsalar guda ce: abin da ya hana ruwan sama shiga, shi ke hana gumi fita. A 1969 Bob Gore a Amurka ya gano yadda ake miƙe wata roba ta zama siririn shafi mai ƙananan ƙofofi, waɗanda ɗigon ruwa ba ya iya bi amma tururin jiki yana fita. Asalin yadin Gore-Tex ke nan. Sai dai dabarar ta fi aiki idan waje ya fi cikin riga sanyi da bushewa. A malkar Agusta a Kaduna iska ɗumi gare ta, cike take da laima, tururin ba shi da inda za shi. In ka haɗa da tulin audugar da ke ciki, sai mutum ya tsira daga ruwan sama ya jiƙe da nasa.

Wannan ma in rigar sabuwa ce. Maganin da ake shafa wa bayan yadi don ruwa ya riƙa gangarewa yana gogewa da wanki, siririn tef ɗin da ake liƙe ɗinki da shi ta ciki kuma yana ɓamɓarewa da tsufa. Ka juya rigar ciki ya dawo waje. In ka ga farin gari yana zubowa, ko tef yana ɗagowa a kafaɗa da wuya, to rubutun da ke jikinta ya zama tarihi. Ka ɗiga mata ruwan leda: in ya dunƙule ya gangare, da dama, in ya baje, yadin ya yi duhu, ruwan sama ma haka zai yi. Gashin agwagwa kuwa in ya sha ruwa cukurkuɗewa yake, ɗumin ya tafi, kuma a damina sai ya yi kwanaki bai bushe ba, har ya fara tsami. Babban abin lura shi ne, a ƙasashen da aka yi rigar, sanyi da jiƙa tare suke zuwa musu, shi ya sa suka haɗa maganin biyu a riga guda. Mu kuwa Allah Ya raba mana su: lokacin da muke rawar ɗari ba a ruwa, lokacin da ake ruwa ba ma cikin irin wannan ɗarin. Damina lema take so, ko rigar ruwa marar auduga. Mai sayen riga ɗaya don lokutan biyu yana biyan kuɗin abin da rabinsa ba zai amfane shi ba a kowane lokaci.

Me ya sa to kasuwa ta cika da su? Ba don wani ya zauna ya nazarci yanayinmu ba. Dila ana haɗa ta ne da abin da mutanen Turai da Amurka da Asiya suka gama da shi. Yawancinta ta Kwatano take biyowa, tunda gwanjo yana cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, sannan ta bazu zuwa Kasuwar Barci a Tudun Wada, da Ƙofar Wambai a Kano, da kasuwannin unguwa irin ta Sabo. A da, lokacin da masaƙun Kakuri ke tashe, tun daga masaƙar KTL da ta fara aiki a 1957 har zuwa rufewar masaƙar UNTL a 2007, aƙalla yadi a nan kudancin kogin Kaduna ake saƙa shi. Yanzu abin da jirgi ya kawo shi ake zaɓa a ciki. Ban ga laifin mai gwanjo ba, neman halali yake, ya kuma rufa wa talakawa da yawa asiri. Amma tun tuni Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara. Abin da aka auna da jikin wani da garin wani, sai an duba kafin a ce ya yi.

Hujjar da ta fi kowace nauyi ita ce ta iyaye mata, kuma ita na fi girmamawa: "In ban naɗe shi ba, limoniya za ta kama shi." Tsoron yana da tushe, don lokacin hunturu tari da mura suna yawa. Sai dai mura da limoniya ƙwayoyin cuta ne ke kawo su, daga mutum zuwa mutum. Abin da hunturu ke yi shi ne buɗe musu ƙofa: busasshiyar iska da ƙura suna busar da cikin hanci da maƙogwaro har su tsattsage, mu kuma mu cunkushe a ɗaki mu toshe tagogi. Haka sanƙarau, wanda rani ne lokacinsa, kuma annobarsa ta 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000. Abin da ke tare waɗannan shi ne allurar riga-kafi, da rufe hanci daga ƙura, da yawan shan ruwa, da barin iska ta zaga ɗaki. Sau nawa ake ganin yaro a bayan mashin, jaket har gwiwa, amma hanci a buɗe yana shaƙar ƙurar titi, kunnuwa a waje, ƙafa cikin silifas babu safa? An tsare inda ba a kawo hari ba. Jariri kuma ba ya iya cewa zafi ya ishe shi. In aka sa masa jaket, aka naɗe da bargo, aka goya har rana ta take, sai ƙuraje da rigima. Mama, ki sa hannu a bayan wuyansa: in kin ji danshi, a rage masa. Kuma don Allah a daina kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, amma tana kisa, kuma ta fi sanyin da ake gudu haɗari nesa ba kusa ba.

Wani zai ce, to ɗan acaɓa da mai gadi fa? Su ma suna da hujja mai ƙarfi, amma buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Ɗan acaɓa iska ce ke dukansa, don haka abin da zai tare ta yake nema: siririyar jaket mai santsi a kan suwaita, safar hannu, ƙyalle a wuya da hanci, da hular kwano wadda ke tsare kai daga sanyi da abin da ya fi sanyi. Ƙarfe goma ya cire suwaitar ya naɗe, ya ci gaba da aiki a bushe. Mai gadi kuwa, da dattijon da ya manyanta, zaune suke ba motsi, jiki ba ya samar da zafi sosai. A nan na yarda, jaket mai matsakaicin kauri ta yi daidai, musamman tsakanin ƙarfe biyu na dare da fitowar rana. Haka mai tafiya Jos, wadda ke kan tudu mai kimanin mita 1,200 inda sanyi kan sauka ƙasa da digiri 10, ko mai hawa tsaunin Mambila.

Wanda ke buƙatar rigar ƙanƙara ta gaske shi ne ƙanenmu ko ƙanwarmu da suka sami tafiya Kanada ko arewacin Turai karatu ko aiki. Su ne kuma ya fi kamata su yi hattara da ta dila, don a can kuskure ba mura yake jawowa ba, sanyi yana iya kashe yatsu da kunnuwa. Gara mutum ya tafi da abin da zai kai shi daga filin jirgi zuwa masauki, in ya isa ya tambayi mutanen garin, ya sayi wadda aka rubuta iyakar sanyin da take ɗauka.

Abin da nake kira gare shi ba baƙo ba ne a wurinmu. Dubi Buzayen da ke gadi da dafa shayi a garin nan, mutanen da suka fito daga bakin hamadar da iskar ke tasowa. Riguna masu yalwa suke sawa, ɗaya kan ɗaya, da rawanin da ya rufe kai da kunne da wuya da hanci da baki. Kakanninmu ma haka suka yi: 'yar ciki, taguwa, babbar riga, a yafa gwado ko luru da sassafe, rana ta ɗaga a sauke. Mata su ƙara zane, su ja mayafi. Iskar da ke tsakanin riga da riga ita ke yin aikin da audugar jaket ke yi, tare da ribar cewa ana iya ragewa. Ba su san digiri ba, amma sun san garinsu.

Kuɗin da za a zuba a jibgegiyar jaket guda, in aka rarraba shi, sau da yawa zai kawo riga mai dogon hannu ta ciki, da suwaita, da siririyar jaket mai tare iska, da hular sanyi mai rufe kunne, da safa, da takunkumi, har a sami canjin man kaɗanya na leɓe da diddige. Duk suna wankuwa cikin sauƙi, suna bushewa da wuri, kowanne kuma yana shiga jakar makaranta ko ta kasuwa. Tambayar da ta kamata mai saye ya yi wa kansa a gaban tulin kaya ita ce: in ƙarfe goma ta yi, zan iya rage wannan ba tare da na koma gida ba? In amsar e ce, ya saya. In a'a ce, komai kyanta, rigar wani gari ce.